Shekarar 1517: makullan Ka'aba da takardar Luther

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin tarihi ne. An koya mana cewa 1517 tana cikin shekarun da suka sauya duniya, saboda a cikinta ne Martin Luther ya tayar da jayayya da Paparoma. To shi ke nan abin da ya faru a shekarar? Me ake ciki a ƙasashen Musulmi da sauran duniya a lokacin?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da aka koya maka gaskiya ne, amma guntu ne. Da za ka tare wani attajiri a kasuwar Fas, ko wani jakada a Banis, ko ma Paparoman kansa a ƙarshen 1517, ka tambaye shi babban abin da ya faru bana, babu wanda zai ambaci sunan Luther. Duk amsa ɗaya za su ba ka: Alƙahira ta faɗi a hannun Turkawa. Luther a lokacin malamin jami'a ne mai shekara 34 a wani ƙaramin gari na Jamus, wanda ko a taswira sai an duba da kyau. Ni a ganina ba za a fahimci labarin Luther ba sai an fara da labarin Masar, domin ɗayan ya taimaka wa ɗayan ta hanyar da masu yin abin ba su nufa ba.

Kafin mu yi nisa, idan na ce Daular Usmaniyya a nan, ta Turkawa nake nufi, wadda fadarta ke Santambul. Ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sai bayan kusan shekara ɗari uku za ta zo.

Masar da Sham da Hijaz a lokacin suna hannun Mamlukawa. Kalmar mamluk ma'anarta wanda aka mallaka, wato bawa. Yara ne ake sayowa daga yankunan arewacin Baƙin Teku da duwatsun Kafkas, a musuluntar da su, a koya musu hawan doki da harbi da sara, a 'yanta su, daga cikinsu kuma a naɗa sarki. Sun karɓi mulki a 1250. Su ne suka tsayar da Mongolawa a Ain Jalut a 1260, shekara biyu bayan an rusa Bagadaza, su ne kuma suka kori ragowar mayaƙan gicciye daga Akka a 1291. Sarkinsu Baibars ya ɗauko wani daga zuriyar Abbasiyawa ya naɗa shi halifa a Alƙahira a 1261, halifan da ba shi da soja ba shi da baitulmali, aikinsa ya sa wa sarki albarka. A zamaninsu Alƙahira ita ce cibiyar ilmin Larabci. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ɗan wannan daula ne, kuma ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Mahajjatan Takrur ta Alƙahira suke bi, mutanen Kanem ma suna da makaranta tasu a can tun ƙarni na 13. Saboda haka faɗuwar wannan birni ba labarin nesa ba ne ga malaman ƙasarmu na wancan zamani.

A farkon ƙarni na 16 Mamlukawa sun shiga gaba kura baya sayaki. Arziƙinsu yana kan kayan yaji: barkono da kirfa da kanumfari da ake ɗaukowa daga Indiya ta Bahar Maliya, a sauke a Jidda, a kai Iskandariya, a sayar wa 'yan kasuwar Banis, gwamnati kuma tana karɓar kuɗin fito a kowace gaɓa. A 1498 Vasco da Gama ya kewaya ta ƙasan Afirka ya isa Indiya, Turawan Fotugal suka fara tare jiragen Musulmi a teku. Sarki Ƙansuh al-Gauri ya haɗa rundunar ruwa ya tura, aka karya ta a Diu a 1509. Ga wannan ta kudu. Ta arewa kuwa ga Salim na Ɗaya, wanda Turkawa ke wa laƙabi da Yavuz, wato mai tsanani. Ya hau gadon mulki a 1512 bayan ya ture mahaifinsa, ya karya Shah Isma'il na Iran a Chaldiran a 1514 da bindigogi da igwa. Da ya ga alamar Gauri yana neman haɗa kai da Shah, sai ya juyo kansa.

Sun haɗu a Marj Dabiƙ, arewa da Halab, ranar 24 ga Agusta 1516. Gauri tsoho ne, ya haura saba'in, kuma ya mutu a fagen daga. Amma da ɗan gari kan ci gari: gwamnan Halab, Khair Beg, wanda ke riƙe da ɓangaren hagu na rundunar, ya riga ya ƙulla da Salim, yaƙi na tsaka ya janye mutanensa. Sham duka ta buɗe ƙofa. A Alƙahira manyan soja suka tilasta wa Tuman Bai, ɗan ɗan'uwan Gauri, ya karɓi sarautar da ba ya so, baitulmali kuma wayam.

Salim ya aika masa da tayi: ya ci gaba da riƙe Masar, amma a riƙa ambaton sunan Salim a huɗuba, a buga shi a jikin kuɗi. Sarakunan yaƙin Tuman Bai suka ƙi, har suka kashe 'yan aiken. Salim ya ƙetare hamadar Sina'i da sanyin hunturu. Ranar 22 ga Janairu 1517, a ƙarshen watan Zulhajji na 922, aka gwabza a Raidaniyya, bakin Alƙahira ta arewa.

Ana yawan cewa Mamlukawa sun faɗi ne saboda sun raina bindiga, suna ganin makamin ragwaye ne, jarumi sai doki da takobi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don barden Mamluk ba ya yarda ya sauka daga doki ya riƙe bindiga, sai a ba wa bayi baƙaƙe da 'yan Magrib wannan aiki. Amma a Raidaniyya Tuman Bai yana da igwa masu yawa. Ya haƙa ganuwa, ya dasa su a cikin rairayi suna fuskantar hanyar da ya zaci Turkawa za su biyo. An tsegunta wa Salim wannan shiri, sai ya zagaya ta gefen dutse ya ɓullo musu ta baya, igwar da aka binne kuwa ba ta juyuwa. Da Tuman Bai ya ga haka, shi da wasu barade suka kutsa tsakiyar rundunar Turkawa suna neman Salim, suka kashe babban waziri Sinan Basha. Jarumtaka ce ta gaske, amma ba ta hana komai ba. Washegari Juma'a, a masallatan Alƙahira aka yi wa Salim addu'a a huɗuba.

Tuman Bai bai miƙa wuya ba. Bayan 'yan kwanaki ya lallaɓo cikin birnin da dare, aka yi kwanaki ana yaƙi lungu-lungu, mata na jifa daga saman soraye, aka yi ɓarnar rayuka mai yawa. Ya sake ficewa ya ƙetare Nilu, ya sake tara mutane, aka sake karya shi. A ƙarshe ya nemi mafaka wurin wani shugaban Larabawan ƙauye a Buhaira mai suna Hasan bin Mar'i, wanda ya rantse masa ba zai ci amanarsa ba, sannan ya miƙa shi. A tsakiyar Afrilu aka kai shi Bab Zuwaila, ɗaya daga ƙofofin birnin. Masanin tarihi Ibn Iyas, wanda yana zaune a Alƙahira a lokacin, ya rubuta cewa Tuman Bai ya roƙi jama'a su karanta masa Fatiha sau uku, shi ma ya karanta tare da su, igiyar ta tsinke sau biyu kafin ta uku ta riƙe, jama'a suka kece da kuka. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai wannan wuri, ajin kan yi tsit. Daula mai shekara 267 ta ƙare a nan, ƙofar kuma tana nan tsaye har yau.

Salim ya zauna a Masar har zuwa Satumba. Ya kwashe magina da masassaƙa da maƙera da malamai da 'yan kasuwa ya tura Santambul ta jirgin ruwa, har da marmara da aka ɓamɓare daga fadar sarakuna. Ibn Iyas ya ce kusan sana'o'i hamsin suka tsaya a Alƙahira saboda wannan kwasa. Birnin da yake fadar daula ya koma hedikwatar lardi. Wa aka bar wa lardin? Khair Beg, mutumin Marj Dabiƙ.

Abu mafi nauyi ya faru ne ba tare da an zare takobi ba. Sharifin Makka, Barakat, ya ga inda iska ta kaɗa. Hijaz ba ta noma abin da za ta ci, hatsinta daga Masar yake zuwa, wanda ya riƙe Masar kuwa shi ya riƙe cikin Makka. Sai ya tura ɗansa Abu Numayy, yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ya kai wa Salim caffa a Alƙahira tare da makullan wurare masu tsarki. Salim ya tabbatar wa Sharifai mulkinsu, shi kuma ya ɗauki laƙabin Khadimul Haramaini, mai hidima ga Harami biyu. Daga nan tsaron hanyar hajji, da tufafin Ka'aba, da ciyar da mutanen Makka da Madina suka koma wuyan Turkawa, haka aka tafi shekara ɗari huɗu, har Sharif Husaini ya yi musu tawaye a 1916. Laƙabin da kake ji ana kiran sarakunan Saudiyya da shi, wanda Sarki Fahad ya ɗauka a hukumance a 1986, tsohon laƙabi ne da ya bi ta hannun Mamlukawa da Turkawa.

A nan akwai wani labari da nake so ka yi hattara da shi, don za ka same shi a littattafai da yawa. Ana cewa halifan Abbasiyawa na ƙarshe, Mutawakkil na Uku, ya miƙa wa Salim halifanci a wani biki a masallacin Aya Sofiya. Abin da ya tabbata shi ne an kama Mutawakkil bayan Marj Dabiƙ, an kai shi Santambul, bayan rasuwar Salim ya koma Alƙahira, ya rasu a can a 1543. Marubutan da suka ga zamanin, Larabawa da Turkawa, babu wanda ya ambaci wannan biki. Labarin ya ɓullo ne a ƙarshen ƙarni na 18, bayan yarjejeniyar 1774 da Rasha, lokacin da Turkawa suka buƙaci hujjar cewa sarkinsu shugaban addini ne ko ga Musulmin da ba sa ƙarƙashinsa. Salim da kansa ya fi alfahari da hidimar Harami, kuma ina ganin ya san abin da yake yi, domin halifancin Alƙahira suna ne kawai, hajji kuwa kowace shekara dubban mutane daga Timbuktu zuwa Sumatra suna gani da idonsu wanda ke tsare musu hanya.

Kuma hanyar tana buƙatar tsaro. A 1517 ɗin gwamnan Fotugal na Indiya, Lopo Soares, ya shigo Bahar Maliya da jirage fiye da talatin ya tsaya a bakin Jidda. Daga Jidda zuwa Makka kimanin kilomita 70 ne. Abin da ya tsare garin shi ne ganuwar da Gauri ya sa aka gina, da mashigar ruwa mai murɗiya tsakanin duwatsun teku, da igwar wani matuƙin jirgi Baturke, Salman Ra'is. Turawan suka kasa shiga, suka ja da baya zuwa tsibirin Kamaran, ƙishirwa da cuta suka cinye da yawansu, a hanyar komawa suka ƙone Zaila. Wannan ya ƙara wa mutanen Hijaz yaƙinin cewa suna buƙatar majiɓinci mai ƙarfi a teku. A Alƙahira kuma wani matuƙin, Piri Ra'is, ya miƙa wa Salim taswirar duniya da ya zana a 1513, wadda ke ɗauke da gaɓar Amurka, ya kuma rubuta a jikinta cewa ya yi amfani da taswirar Kolombus. An gano guntunta a fadar Topkapi a 1929. Wato Salim ya ga Amurka a kan fata shekara 25 kacal bayan tafiyar Kolombus.

To yanzu mu je Rum. Paparoma a lokacin Leo na Goma ne, ɗan gidan Medici, attajiran Fulorans. A 1517 abubuwa uku ne a gabansa: yaƙin da yake yi a Urbino, da makircin wasu kadinal-kadinal, wato manyan malaman coci masu zaɓen Paparoma, da aka zarga da shirin kashe shi, da Turkawa. A watan Maris babban taron malaman coci da aka yi shekara biyar ana yi a Lateran ya tashi, kuma cikin shawarwarinsa na ƙarshe har da haraji na shekara uku don yaƙar Turkawa. A Yuli Leo ya naɗa kadinal 31 a rana ɗaya, da yawansu sun biya kuɗi. Ga kuma ginin sabuwar majami'ar Bitrus, da aka aza harsashinta a 1506, tana cin kuɗi kamar wuta. Kowace hanya ka bi, a kan kuɗi take ƙarewa.

A koyarwar Katolika, wanda ya yi zunubi ya tuba ya furta wa limamin coci, an gafarta masa, amma akwai sauran horo da zai biya, ko a duniya ta hanyar azumi da addu'a da sadaka, ko bayan mutuwa a wani matsayi na tsarkakewa kafin shiga Aljanna. Coci tana cewa tana da ikon sassauta wannan horo, ikon da ake kira na makullai, daga maganar da ke cikin Linjilar Matiyu cewa an ba Bitrus, almajirin Almasihu, makullan mulkin sama. Da tafiya ta yi tafiya, sai sassaucin ya zama takarda da ake bugawa a bayar ga wanda ya ba da gudummawar kuɗi.

Wani ɗan sarauta a Jamus, Albrecht na Brandenburg, ya zama babban bishop na Magdeburg a 1513, ya ƙara da na Mainz a 1514, bai kai shekara 25 ba. Dokar coci ta hana riƙe kujeru haka, sai da izini na musamman, izinin kuma yana da tsada. Ya ci bashi daga Jakob Fugger na Augsburg, wanda ya fi kowa kuɗi a Turai. Aka shirya cewa za a sayar da takardun sassauci a ƙasashensa, rabin kuɗin ya tafi Rum don ginin majami'a, rabi ya biya bashin. Talakan da ke saye bai san da wannan rabo ba. Mai tallar takardun, Johann Tetzel, gwanin baki ne, yana sa mutane su ji kamar iyayensu da suka mutu suna kiransu daga cikin azaba. Sarkin Saksoni, Frederick, ya hana shi shiga ƙasarsa, amma mutanen Wittenberg suka riƙa ƙetare iyaka zuwa Juterbog suna sayowa, su dawo su nuna wa limaminsu takarda. Limamin shi ne Luther.

Ranar 31 ga Oktoba 1517 ya aika wa Albrecht wasiƙa cikin ladabi, ya haɗa da batutuwa 95 da ya rubuta da Latin don malamai su yi muhawara a kai. Na farko yana cewa da Almasihu ya ce a tuba, yana nufin rayuwar mai bi gaba ɗayanta ta zama tuba. Na 27 ya soki masu wa'azin cewa da zarar kuɗi ya yi ƙara a cikin akwati, rai ya fita daga azaba. Na 43 ya ce wanda ya ba matalauci ko ya ranta wa mabuƙaci ya fi mai sayen takarda. Na 86 ya kawo tambayar da jama'a ke yi: me ya hana Paparoma, da duk dukiyarsa, ya gina majami'ar da kuɗinsa maimakon na talakawa? Idan ka karanta su duka za ka ga mutumin bai da niyyar fita daga coci, yana ma zaton Paparoma bai san ɓarnar da ake yi da sunansa ba. Shi ma labarin da ya shahara, cewa ya kafa takardar da ƙusa a ƙofar coci, Luther bai taɓa ba da shi ba. Abokinsa Melanchthon ne ya rubuta shi bayan mutuwar Luther a 1546, kuma Melanchthon bai zo Wittenberg ba sai 1518. Mai yiwuwa an liƙa ta, don ƙofar coci ita ce allon sanarwar jami'a, amma wasiƙar ce muke da tabbacinta.

Luther ba shi ne farkon mai irin wannan suka ba. Jan Hus na Bohemiya ya yi, aka ƙone shi a 1415. Me ya sa Luther ya tsira? Dalili na farko injin ɗab'i, wanda Gutenberg ya ƙirƙiro wajen 1450. Kafin shekarar ta ƙare an buga batutuwan a Leipzig da Nuremberg da Basel ba tare da an nemi izininsa ba. A 1518 ya rubuta gajeriyar huɗuba a kan batun da Jamusanci, harshen kasuwa da gida, aka yi ta sake buga ta. Dalili na biyu Frederick, wanda ya kafa jami'ar Wittenberg a 1502 kuma ba ya son a taɓa malaminsa. Dalili na uku shi ne wanda ba a cika koya muku ba, wato Turkawa.

Duba yadda abin ya tafi. Kadinal Cajetan, wanda ya yi wa Luther tambayoyi a Augsburg a Oktoban 1518, ba don Luther aka turo shi Jamus ba. An turo shi ne ya roƙi sarakunan Jamus kuɗin yaƙar Salim, kuma Frederick yana cikin waɗanda ake lallashi. A Janairun 1519 Maximilian, babban sarkin da ke saman sarakunan Jamus, ya mutu, Frederick yana cikin mutum bakwai masu zaɓen magaji, sai Rum ta jingine shari'ar Luther don kada a ɓata masa rai. Ba a kori Luther daga coci ba sai Janairun 1521, lokacin kuwa littattafansa sun cika Jamus. Wanda aka zaɓa, Charles na Biyar, ya so ya murƙushe sabuwar ɗariƙar, amma Sulaiman ɗan Salim, wanda kuɗin Masar da Sham suka cika masa baitulmali, ya ci Belgrade a 1521, ya karya Hungari a Mohacs a 1526, ya kewaye Biyana a 1529. A 1532 dole Charles ya yi sulhu da sarakunan da ke bin Luther a Nuremberg, don yana buƙatar sojojinsu. Duk lokacin da ya ɗaga hannu zai bugi Luther, sai an taɓa shi ta baya. Daga wannan rata ne majami'un Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle daga Paparoma, suka yi jijiya, har reshensu ya iso Numan a 1913 ta hannun 'yan mishan na Denmark, inda cocin Lutheran ta Kristi a Najeriya, wato LCCN, ta samo asali.

Sauran duniya kuma, a taƙaice. Shi wannan Charles ya fara taka ƙasar Sifaniya a matsayin sarki a Satumban 1517, yana ɗan shekara 17. A Fabrairu wani Hernández de Córdoba ya tashi daga Kyuba da jirage uku, ya faɗa gaɓar Yukatan, inda Sifaniyawa suka fara ganin biranen dutse na mutanen Maya. An fatattake su a Champotón, shi kansa ya mutu da raunukan, amma labarin zinariya da suka kawo shi ya jawo mayaƙin Sifaniya Cortés a 1519 da faɗuwar daular Aztek ta Meziko a 1521. A 1518 Charles ya ba da lasisin kai bayi 4,000 daga Afirka zuwa Amurka, ka ga inda wannan hanya ta nufa. A Sin, jiragen Fotugal sun isa Kanton da jakada Tomé Pires, suka harba igwa da sunan gaisuwa, abin da ya ɓata wa hukumomi rai, jakadan kuma bai sake fita daga Sin ba. A Indiya Ibrahim Lodi ya hau gadon Delhi, shi ne Babur, wanda ya kafa daular Mughal, zai kayar a Panipat a 1526, shi ma da igwa.

A gida fa? Akwai, kuma babba. Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya hau mulki a 1493, ya kai yaƙi Agadas wajen 1515, Kanta na Kabi yana cikin masu taya shi. A hanyar dawowa aka yi saɓani a kan rabon ganima, Kanta da mutanensa suka ga an zalunce su, suka ɓalle. Tarihin Sudan na Sa'adi, malamin Timbuktu, ya nuna cewa a 923, wato 1517, Askiya ya kai wa Kanta hari bai yi nasara ba. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta, ta zama katanga tsakanin Songhai da ƙasar Hausa, kuma kufan Surame da ganuwarta ta dutse suna nan cikin Jihar Sakkwato ga mai son gani. A Kano kuwa Muhammadu Kisoke, jikan Rumfa, ke kan gado. Sakamakon abin da ya faru a Masar ma ya iso yankinmu, sannu a hankali: Turkawa sun karɓi Tarabulus a 1551, suka zama maƙwabtan Borno ta hanyar Fezzan, har Mai Idris Aloma ya aika jakadu Santambul a shekarun 1570 ya kuma samu 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa.

Akwai mutum guda da ya ratsa kusan duk wannan labari da ƙafarsa, sunansa Hasan al-Wazzan. An haife shi a Garnaɗa dab da faɗuwarta, ya tashi a Fas, ya yi wa sarkin Fas aikin jakada, ya je Timbuktu tun yana saurayi. A 1517 yana Masar, kuma ya rubuta cewa yana garin Rashid lokacin da Salim ya biyo ta wurin. A 1518, yana kan hanyar komawa gida ta teku, 'yan fashin ruwa Kiristoci suka kama shi suka kai shi kyauta ga Leo na Goma, a daidai watannin da ake shirya shari'ar Luther. Paparoma ya yi masa baftisma a Janairun 1520 ya sa masa sunansa, shi ya sa Turawa ke kiransa Leo Africanus. A Italiya ya rubuta bayanin Afirka, ya gama a 1526, a ciki ya ambaci Gobir da Agadas da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Borno. Masana suna jayayya ko ya shigo ƙasar Hausa da kansa ko labari ya ji daga fatake, kuma maganarsa cewa Askiya ya ci Kano ba ta cikin tarihin Kano. Ya siffanta Kano da birni mai ganuwa, mai attajirai da gwanayen masu sana'a, ƙasa mai hatsi da shinkafa da auduga. An buga littafin a Banis a 1550, kuma kusan shi ne abin da Turawa suka dogara da shi game da Kano har ranar da Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya, ya shigo ta ƙofarta a 1824.